Duwatsun Masallacin Bakin Kanal

Daga Gusau har Sakkwato, in aka tara lauyoyi aka jera su kamar buhunan albasa, ba za a sami wanda ya kai ni sanin siminti ba. Ni ne mutumin da in na wuce ta gindin gini na shaƙi iska, zan gaya maka buhu nawa aka zuba, da buhu nawa magini ya lallaɓa ya kai gidan ƙanwarsa. Kankare kuwa in na ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ba ya ɓoye mini komai, har rafin da aka ɗebo yashinsa sai ya faɗa. Haka nake cewa a majalisa, lauyoyin yanzu suna gyaɗa kai don sun ga furfura ta fara sauka. Abin da ba na faɗa musu shi ne, shari'ar da ta koya mini wannan ilmi, wata biyu na yi ina zama a kan hujjarta ina alwala ban san ita ce ba.

Lokacin ana tsakiyar aikin Bakolori. An gama tare ruwa can wajen Maradun, an juyo ana shimfiɗa kanal, wato magudanan da za su kai ruwa gonaki, tun daga Talata Mafara har ƙasar Bakura. Katafila ta baje ko'ina, mutum ya kwana da gonarsa ya tashi bai gane ta ba. Ni kuma ban daɗe da dawowa daga karatu ba. Na kama ɗaki guda kusa da tasha na kafa allo, rigata ta lauya tana rataye a ƙusa, gizo-gizo ya riga ni sa ta. Aikina bai wuce rubuta wa mutane takardar koke ba.

Sai ga Alhaji. Abokin mahaifina ne, ɗan kwangila, shi ya gina rabin azuzuwan da muka yi karatu a ciki, kuma abin da aka san shi da shi a garin shi ne gininsa ba ya tsagewa. Wani kamfani daga cikin waɗanda suka karɓi yankin aikin ya yanka masa wani ɗan kanal a hanyar Bakura, ya daɓe shi da kankare ciki da gefe. Ya yi, ya miƙa. Damina ɗaya ta wuce, kanal ya tsattsage kamar ƙafar mai kaushi. Kamfani ya rubuto takarda cewa an rage siminti. Ban san wanda ya karanta wa kasuwa takardar ba, amma kafin Talata ta zagayo an raɗa wa Alhaji suna mai rabin buhu. Ana shirin faɗaɗa masallacin unguwarsu, shi ke kula da ginin, sai dattawa suka aiko a ce masa ya huta tukuna saboda gajiya. Wannan hutun ne ya kawo shi ofishina.

Ya zauna bai karɓi ruwa ba. Ya ce, "Ɗana, ni ba aikinsu nika so ba. Su riƙe. So nikai a rubuta da baƙi bisa hwari cewa ban ci siminti ba, in kai ma dattawan ga su gani."

Na ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka. Wannan ai kamar an yi an gama."

Takardar kwangilar ta yi kaurin matashin kai. A ciki an ce in rigima ta tashi ba a zuwa kotu, sai dai ɓangarorin biyu su zaɓi mai raba gardama, wanda ya san aikin, abin da ya yanke ya zauna. A ciki kuma na tarar da maganar da komai ya rataya a kanta. Duk ranar da aka kwaɓa kankare, dole a ɗebi kaɗan a zuba a 'yan akwatunan ƙarfe ya daskare, a rubuta masa rana da wurin da aka zuba, a jiƙa shi a tankin ruwa kwana ashirin da takwas, sannan a kai ɗakin gwajin kamfani a sa a inji a matse har ya fashe. Nauyin da ya ɗauka kafin ya fashe shi zai nuna ko simintin ya cika. Leburori suna ce wa waɗannan dunƙulen sukari, wai don sun yi kama da sukari mai ƙwaya. Kamfani ya ce ko ɗaya ba a kai masa ba. Alhaji ya ce helumansa, wato shugaban leburorinsa, ya tabbatar masa da baki an kai su duka.

Ni ban taɓa ganin sukarin nan da idona ba. Amma na ga dama ta samu. Na zauna na rubuta bayani shafi bakwai, na ce kamfani ya karɓi hujja ya ɓatar, in ma ba ɓoyewa ya yi ba. Na zuba Turancin da ko wanda ya koya mini sai ya nemi ƙamus. Na kai Alhaji gaban magatakardan kotu, da alwalarsa, ya dafa Alƙur'ani ya rantse a kan abin da na rubuta. A hanyar komawa har na ce masa ya fara tunanin rigar da zai sa ranar da dattawa za su zo ba shi haƙuri.

A watannin nan ina yawan zuwa bakin kanal ɗin, ina auna tsaga da igiya ina rubutawa kamar na san abin da nake yi. Akwai wata tsamiya a gefe. A ƙarƙashinta leburori suka share fili tun ana aiki, suka kewaye shi da duwatsu suka fitar da alƙibla. Da aiki ya ƙare manoma suka gaje shi, limamin ƙauyen da ke kusa yana zuwa ya ba su azahar da la'asar in ana aikin gona. Limamin nan surukina ne, mahaifin matata, kuma auren bai shekara ba. Saboda haka ni sai in daidaici an idar an watse, in lallaɓo in jawo ɗaya daga cikin duwatsun da suka yi saura a gefe in zauna in yi alwala, in yi sallata in gudu. Na sha yaba wa duk wanda ya sassaƙa duwatsun nan a zuciyata, don kowanne daidai yake da ɗan'uwansa.

Mai raba gardamar da aka zaɓa wani tsohon injiniya ne Bayarabe daga kudu, Kirista, ya yi aikin gadoji a arewa har Hausa ta zauna a bakinsa. An ba mu ɗaki a gidan saukar baƙi na Mafara. Kamfani ya ɗauko lauya daga Ikko, mai jaka biyu da mai riƙe masa su. Na miƙe na karanta shafi bakwai ɗina, ina kai wa ƙarshen kowace jimla duka da hannu a tebur. Da na gama, fanka tana ta kwashe takardu, tsohon ya sunkuya ya ciro wani abu daga ƙarƙashin teburinsa ya danne su da shi. Ya ce, "Don kowa ya san abin da muke magana a kai, ga irinsa nan. Na aro daga ɗakin gwaji."

Dunƙulen kankare ne mai kusurwa daidai, tsawonsa bai cika taƙi ba, an karta masa lambobi da ƙusa a ka. Na dube shi, ya dube ni kamar tsohon abokin da na ci bashin gaisuwarsa. Cinyoyina ma sun gane shi kafin kaina ya gane. Tsohon ya ɗaga zama zuwa mako uku, ya ce ranar za mu je a ga kanal da ido, daga nan zai rufe karɓar hujja. Lauyan Ikko ya miƙo mini hannu ya ce na yi ƙoƙari. Ban san abin da na amsa masa ba.

Washegari da hantsi na hau babur na tafi. Babu kowa a gindin tsamiya sai tumaki. Na durƙusa na juya dutse ɗaya, ga lambobi a ƙasansa, an kifa su ne don gefen mai santsi ya kalli sama. Na juya na biyu, na uku. Talatin da huɗu na ƙirga, har da wanda nake zama a kai. Duk kwanakin aikin Alhaji suna nan a jere suna nuna gabas. Na mayar da kowanne yadda yake, na share sawuna kamar ɓarawo. Na nemi heluma aka ce ya tafi ci-rani, wasu suka ce Maraɗi, wasu suka ce Ibadan. Wani tsohon lebura da na tarar yana ban-ruwan albasa ya ce mini, "Ai mu munka ɗauko su. Sun yi kwana da kwanaki cikin tanki ba mai kula su, muna sallah bisa ƙasa tumaki na ratsa muna sahu. Heluma yac ce tunda banza suke a yi aikin lada da su." Ya faɗi haka yana murmushi, yana jiran in sa masa albarka.

Na zauna a bakin kanal na lissafa inda nake. In na yi shiru, Alhaji ba shi da hujja, mai rabin buhu ya zauna masa har kabari, ni kuma na bar mai raba gardama da maganar da na san ba gaskiya ba ce, abin da ake tuɓe wa lauya riga a kansa. In na yi magana, mutumin da ya zo in wanke shi daga sata na mayar da shi mai rantsuwa a kan ƙarya, da alƙalamina. Kuma ko wace hanya na bi, sai an ɗaga duwatsun nan, ba kuwa mai ɗaga dutse daga masallacin liman sai da yardar liman. Ranar na gane abin da kifi ke ji in manoma suka toshe kanal gaba da baya suna kwarfe ruwa.

Na sami Alhaji a zaurensa bayan la'asar na gaya masa. Ya daɗe yana murza carbi. Sannan ya ce, "Wa yar rubuta takardar?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Wa yad dahwa Alƙur'ani?"

Na ce, "Kai ne, Baba."

Ya ce, "To kai ka ƙulla, kai za ka kwance. Amma kada in ji maganar ga ta hito daga bakinka gaban Bayaraben nan da mutanen kamhwani. Ni na san abin da niz zuba cikin kanal. Ka tahi ka karɓo su wurin surukinka, in sun zo hannu mu ga yadda za a yi."

Yadda za a yi ɗin nan, ni da shi duk mun san abin da yake nufi, don bayan ɗakin gwajin kamfani akwai juji, kuma abin da aka tsinta a juji ba a tambayar wanda ya kai shi. Ban ce masa to ba, ban ce a'a ba. Na ce wa kaina a karɓo tukuna.

Wanda bai san kunyar suruki irin ta ƙasarmu ba zai ce ai magana ce ta minti biyu. Ni tunda aka ɗaura aure ban taɓa ganin fuskar Malam ba. Na san babban yatsansa na ƙafar dama fiye da yadda na san tafin hannuna, don shi nake kallo in na je gaisuwa. Ba na ci a gabansa, ba na sha, ba na faɗin sunansa, ko wani mai irin sunan na haɗu da shi sai in sake masa wani. In na hango shi a hanya nakan tuna ina da uzuri a wata hanyar. Yanzu wannan mutumin zan je in ce wa ya ba ni masallacinsa.

Zuwan farko na tuɓe takalmi tun daga bakin rijiya, na shiga zaure na tsuguna.

"Allah gafarta Malam, an wuni lahiya?"

"Lahiya lau. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ƙaƙa mutanen Mahwara? Ƙaƙa iyali? Ƙaƙa aiki? Ƙaƙa haƙuri da zamani?"

Muka gaisa har kajin gidan suka gaji suka tafi. Da gaisuwa ta ƙare ya tsaya jiran abin da ya kawo ni. Na tattaro duk abin da na shirya a kan babur, na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa dama gaisuwa ce na zo. Ya sa mini albarka na tashi. Zuwa na biyu na kai goro don ya buɗe mini hanya. Na kai har ga cewa, "Allah gafarta Malam, masallacin nan na bakin kanal." Ya ce, "Madalla da masallaci, ka ga yadda Allah yas sa mutanen aiki sunka bar muna abin alheri. Duk abin da injinansu sunka rushe, wanga ɗai sunka gina." Na ce ƙwarai kuwa, Allah ya ba su lada. Zuwa na uku ko masallacin ban ambata ba, sai na tsinci kaina ina tambayarsa hukuncin sallar matafiyi, ya kuwa warware mini ita tun daga tushe, ƙafafuna suka mutu a tsugune har sai da na dafa bango.

Da na dawo gida matata ta ajiye mini abinci ta tsaya a kaina.

"Maigida, Baba ya aiko ƙanena shina tambaya ko lahiya muke zaune."

Na ce, "Me ya gani?"

"Ya ce sau ukku cikin kwana goma kana zuwa kana zuhwa kana komawa. Inna har ta hwara share min ɗaki."

Na ga ba makawa na gaya mata komai, na roƙe ta ko za ta aika wa mahaifiyarta ta shigar da maganar. Ta yi dariya har ta zauna. Ta ce, "Ni in aika ma Baba shi kwashe masallaci don mijina ya rubuta abin da bai gani ba? Ai kai ne mai baki. Ba ka ce alƙalai na tashi tsaye in kana magana ba?" Na ce wannan a Zariya ne, lokacin ina karatu. Ta ce to in koma Zariya in karɓo duwatsun.

Mako na uku ban ci abin kirki ba. Wuyan rigata ya yi mini yawa, mai shayin tasha ya tambaye ni ko shawara ce ta kama ni. Alhaji yana aiko direbansa kowace safiya da tambaya ɗaya, ina mayar masa da amsa ɗaya, cewa ana kan magana. Na karanta kwangilar nan daga bango zuwa bango sau ba adadi, ko akwai wata ƙofa da aka manta ba a kulle ba. Waɗanda suka rubuta ta ba su bar ko tagar da ƙadangare zai bi ba. Na yi tunanin in kwanta ciwo. Na yi tunanin in bi heluma ci-rani.

Ana gobe za a fita dabara ta zo mini, irin ta matsorata. Alhaji ya ce kada magana ta fito daga bakina. Bai ce kada tsohon injiniya ya yi amfani da idonsa ba.

An shirya a fara da ƙarfe tara, a duba kanal, a koma Mafara kafin rana ta take. Muka taru da motoci uku a kan kanal, tsamiya tana can ƙarshensa. Tun a tsaga ta farko na fara. Na nemi a auna ta. Na nemi a sake aunawa don igiyar ta karkace. Na karanta sashe na kaza na kwangila da ƙaramin sashensa da jikan sashensa. Na kawo tarihin ƙasar fadama tun daga zamanin kakanni, yadda take kumbura da damina ta tsage da rani, wanda shi kaɗai ne abin da na faɗa ranar mai amfani, kuma ban san yana da amfani ba. Lauyan Ikko ya cire kwat, ya cire abin wuya, ya koma yana fifita da takardun shari'a. Ya ce wa tsohon, "Ranka ya daɗe, abokina yana so mu kwana a nan ne?" Tsohon ya ce a bar yaro ya yi aikinsa. Tafiyar da ba ta kai mil guda ba sai da muka ci awa huɗu da rabi a kanta. Muna isowa gindin tsamiya ana kiran azahar.

Manoma sun taru, Malam yana gaba. Alhaji ya dube ni da gefen ido, ya gane, fuskarsa ta yi kamar an kashe fitila. Ba halin ya ce komai. Muka nemi izini muka shiga sahu, na laɓe a na ƙarshe. Tsohon injiniya ya cire hularsa ya koma inuwa yana jiranmu, ya sami abin zama a gefe ya zauna. Allah ya yafe mini sallar nan, don raka'a huɗu na yi kunnena yana baya. A ta biyu na ji ƙarar dutse ya gogi dutse. A ta uku na sake ji.

Da aka sallame muka tarar da shi a tsaye, ya juya uku daga cikin na gefe, bai taɓa na sahu ba. Bai dube ni ba, bai dubi Alhaji ba. Ya tuɓe takalmi ya je gaban Malam ya rusuna ya gaishe shi da Hausa, gaisuwa cikakkiya. Sannan ya ce, "Malam, waɗannan duwatsun shaidu ne a shari'ar da muke yi. Ina roƙo a ba ni shida in kai a gwada. Amma in gaya maka gaskiya, ba za su dawo ba, fasa su za a yi."

Malam ya ce, "Shidda ɗai? Ku kwashe duka in kuna so. Ƙasa muka sallah bisa, duwatsun don tumaki na. A kawo muna wasu a aza." Sai na ji idonsa ya sauka a ƙeyata. Ya ce, "Ashe abin da ke tahe da wani ke nan." Bai ƙara ba. Ni dai ina kallon babban yatsan.

Kafin lauyan Ikko ya gama buɗe jakarsa, Alhaji ya matso gaban tsohon, a gaban manoma da direbobi. Ya ce, "Na rantse an kai su, ga su ba a kai ba. Abin da anka hwaɗa min shi niy yarda da shi, ban bincika ba. Na janye."  Mutumin da ya haura sittin, a tsakar rana, a gaban waɗanda ya taɓa ɗauka lebura. Takardata ce ta tsayar da shi a wurin.

Kashegari aka kai shidan ɗakin gwaji can wajen dam, tsohon ya sa hannu a kan kowanne da kansa. Aka sa na farko a inji. Allura ta hau, ta wuce inda kwangila ta ce, ta ci gaba da hawa. In ka ji ni a majalisa zan ce maka injin ya yi kuka ya nemi ruwa, wutar Maradun ta ɗauke. Gaskiyar ita ce ya fashe, amma sai da ya wuce abin da ake nema da nisa, haka sauran biyar. Lauyan Ikko ya ce kankare yana ƙara ƙarfi in ya daɗe, kuma ba a ajiye waɗannan yadda doka ta ce ba. Tsohon ya ce duka biyun gaskiya ne, zai rubuta, amma kankaren da aka cuce shi siminti ko ya shekara goma a masallaci ba zai ɗauki wannan nauyin ba.

Hukuncin ya fito bayan mako biyu. An rubuta cewa ba a rage siminti ba, ƙasar wurin ce ke motsi. An kuma rubuta cewa Alhaji ya saɓa kwangila da bai tsare sukarin ba, kuma ya gabatar da bayanin da ba daidai ba, don haka kamfani yana da ikon ya raba hanya da shi. Ya kuwa raba. Akwai layi biyu a ƙarshe game da lauyan da ke rubuta abin da bai tabbatar ba, waɗanda ban fassara wa kowa ba. Alhaji ya sa na juya masa sakin layin siminti zuwa Hausa, aka rubuta da ajami, ya aika wa dattawan unguwa. Suka mayar da shi kan ginin masallaci kafin Juma'a.

Ranar da muka karɓo takardar, a motar Alhaji muka dawo. Da na ga ya ɗan saki fuska sai bakina ya dawo. Na fara ba shi labarin yadda na tsara komai, yadda na auna tafiyar rana da tafiyar ƙafa, yadda na riƙe lauyan Ikko awa huɗu da rabi kamar akuya a turke, na ce irin wannan dabarar ko a Ingila sai an tara manya. Ya bar ni har muka wuce kasuwa. Sannan ya gyara hularsa, yana kallon titi, ya ce, "Ɗana, da na san dutse ne za shi yi magana, da shi niɗ ɗauka lauya."